Yadda Za Ka Ziyarci Birnin Kadif a Ƙarshen Hunturu

Tun da na ba da labarin kwanakin da na yi a Kadif, babban birnin yankin Wales da ke Birtaniya, tambayoyin da ake aiko mini kusan iri ɗaya ne. Masu 'ya'ya a jami'o'in garin suna son zuwa duba su, wasu kuma sun zo Landan ne suna neman inda za su leƙa na kwana biyu ko uku, kuma mafi yawa tafiyar tasu na faɗawa tsakanin tsakiyar Fabrairu da tsakiyar Maris, lokacin da kuɗin jirgi ya sauka. Kowa sanyi yake tsoro. Ni kuwa abin da na gani yana ɓata wa mutane tafiya ba sanyi ba ne: ruwan sama ne, da gajertar yini, da zuwa a ranar da bai kamata ba. Ga yadda nake shirya tafiyar, bi da bi.

1. Fara da duba ranakun zari-ruga

Kafin ka nemi biza, kafin ka tambayi kuɗin jirgi, buɗe jadawalin gasar Six Nations. Gasar zari-ruga ce ta ƙasashe shida, Wales da Ingila da Scotland da Ireland da Faransa da Italiya, kuma ana buga ta ne daidai watannin Fabrairu da Maris. Kowace shekara Wales na karɓar baƙuncin wasa biyu ko uku a filin Principality, wanda ke ɗaukar mutum kusan 74,000. Matsalar ita ce filin ba a bayan gari yake ba. A tsakiyar birni yake, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga babbar tashar jirgin ƙasa. Ranar wasa ana rufe manyan tituna, ana jera mutane a dogayen layuka a ƙofar tasha, gidajen giya su cika su tumbatsa har kan titi, ɗakin otal ɗin da ake bayarwa fam 70 ranar Talata ya koma ninki uku ko fiye.

Idan ba kallon wasan ya kai ka ba, kauce wa wannan ƙarshen mako gaba ɗaya, daga Juma'a zuwa Lahadi. Ka kuma duba ko akwai babban taron waƙa a filin, domin shi ma haka yake cika gari.

Ranar da nake ba da shawarar a nufa ita ce 1 ga Maris, ranar Waliyyi Dauda, wani waliyyin Kirista ɗan Wales, wadda mutanen Wales suka ɗauka ranar ƙasarsu. Ana yin jerin gwano a tsakiyar gari, yara 'yan makaranta na sa kayan gargajiya, manya na maƙala furen daffodil ruwan ɗorawa a ƙirji. Ba ranar hutu ba ce, don haka shaguna da gidajen tarihi na buɗe yadda suka saba.

Hattara: akwai hutun rabin zangon makarantu na mako guda a cikin Fabrairu. Wuraren kallo na cika da yara a makon, masauki ma yakan ɗan ƙara kuɗi.

2. Biza

Babu wata biza ta musamman ta Wales. Bizar ziyara ta Birtaniya, ta wata shida, ita ce ke shigar da kai, kuma babu shinge ko jami'in shige da fice tsakanin Ingila da Wales. A shafin gwamnatin Birtaniya ake cike takarda, sannan ka je cibiyar biza a Abuja ko Legas a ɗauki hoto da zanen yatsu. Kuɗinta a 2025 fam 127 ne, kuma ana ƙara shi lokaci zuwa lokaci, saboda haka duba farashin ranar da za ka biya. Ana iya nema tun saura wata uku a yi tafiya, amsa kuma takan ɗauki kimanin mako uku. Mai son tafiyar Fabrairu ya nema a Disamba.

Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne aron kuɗi a zuba a asusu mako guda kafin a fitar da bayanan banki. Masu dubawa na gane wa. Gara asusu mai ɗan kuɗi da ake ganin shigarsu da fitarsu wata bayan wata, da takardar wurin aiki, da wasiƙar wanda za ka sauka wurinsa idan akwai. Kada kuma ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

3. Kayan sawa: ruwa za ka yi wa shiri

Zafin rana a Kadif cikin Fabrairu yakan tsaya wajen digiri 8, da dare ya sauka zuwa 2 ko 3. Dusar ƙanƙara ba ta cika sauka a cikin gari ba. Wanda ya san sanyin asuba na Jos ko na Funtua a tsakiyar hunturu zai ce ai wannan da sauƙi. Bambancin shi ne sanyinmu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe. Kadif na cikin biranen Birtaniya da suka fi samun ruwa, kuma ruwan ba irin na damina ba ne da zai zuba awa guda ya ɗauke. Yayyafi ne siriri da zai wuni yana sauka, iska daga teku na kaɗo shi ta gefe, har ya sami hanyar shiga wuyan riga.

Abin da ke aiki shi ne sa kaya hawa-hawa. Daga ciki, riga da wando masu kama jiki na riƙe ɗumi. A tsakiya, suwaita. A waje, jaket mai hula wadda ruwa ba ya ratsa ta. Ka karanta jikin takardarta ka tabbatar ta ruwa ce, domin akwai masu kauri da laushi waɗanda ke shan ruwa kamar soso. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba, da safa mai kauri aƙalla ƙafa huɗu, da safar hannu, da hular sanyi mai rufe kunne. Mata masu sa abaya ko doguwar riga, ku zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, ku sa wando mai ɗumi a ciki. Leɓatun da ya jiƙe tun safe shi zai hana ki jin daɗin yinin duka. Shadda da babbar riga a ajiye su don Juma'a, su ma da kayan ɗumi a ƙarƙashi.

Ranar farko da na taka daga bakin tekun Kadif zuwa kan madatsar ruwan da ta tare shi, da takalmin yadi a ƙafata, kafin rabin hanya safata ta jiƙe jagab, yatsuna suka daina jin ƙasa. Na dawo masauki na ɗora takalmin kusa da hita, bai bushe ba sai washegari da rana. Yini guda cur na rasa cikin kwana uku.

Lema ba ta da amfani sosai a nan, iska na juya ta. Idan ba ka da jaket mai kyau kada ka wahalar da kanka a gida. Ka zo da abin da zai kai ka, ka saya a titin Queen Street ko cibiyar kasuwanci ta St David's, domin a ƙarshen hunturu ake karya farashin kayan sanyi. Sa man shafawa mai kauri da man leɓe a jaka, hitar ɗaki na busar da fata fiye da yadda kake zato.

Gargaɗi kan tsaraba: an hana shiga Birtaniya da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk za a ƙwace, kuma ana iya cin ka tara. Na san zuciyar uwa ba ta son zuwa wurin ɗanta hannu rabbana, amma a nemi wata tsarabar. Magani kuma a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, musamman masu ƙarfi irin su tramadol da kodin.

4. Daga filin jirgi zuwa Kadif

A allo da tikiti za ka ga an rubuta Cardiff, wani lokaci Caerdydd, sunan garin ke nan da harshen Wales. Garin na da filin jirginsa, kuma KLM na zuwa can daga Amsterdam, amma mafi yawanmu a Heathrow muke sauka. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko, bas ɗin National Express da ke tashi daga filin jirgin kai tsaye. Tafiyar awa uku ce zuwa uku da rabi, kayanka na ƙasan mota, babu sauyi. Ga mai manyan akwatuna ko mai tafiya da dattijo, wannan na fi so. Ka duba inda tikitin ya ce za a sauke ka. Tashar Sophia Gardens na da ɗan tazara da tsakiyar gari, idan ana ruwa sai ka kira tasi.

Ta biyu, jirgin ƙasa. Ka shiga layin Elizabeth zuwa tashar Paddington, daga can ka hau jirgin kamfanin GWR zuwa Cardiff Central, ƙasa kaɗan da awa biyu. Jirgin na bi ta ƙarƙashin kogin Severn, da ya fito daga ramin ka shiga Wales. Tikitin da aka saya makonni kafin tafiya, wanda suke kira Advance, yana da rahusa sosai a kan wanda aka saya a tasha ranar tafiya.

Ga tarkon: tikitin Advance na jirgi ɗaya ne tak, a lokacin da aka rubuta. Idan layin shige da fice ya riƙe ka, ya wuce ke nan. Ka bar aƙalla awa huɗu tsakanin saukar jirgin sama da tashin jirgin ƙasa, ko ka sayi tikitin da bai ɗaure ka da lokaci ba. Ku biyu ne kuke tafiya tare? Akwai katin Two Together da ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, tafiya ɗaya zuwa da dawowa na iya mayar da kuɗinsa.

Ranakun Lahadi ake yawan gyaran layin dogo, a sauke fasinja a zuba su a bas. Fabrairu kuma watan guguwa ne. A 2020 guguwar Dennis ta sa kogin Taff da ya ratsa Kadif ya yi ambaliya, a ranar 18 ga Fabrairun 2022 kuma guguwar Eunice ta sa an dakatar da jiragen ƙasa a Wales baki ɗaya. Sauke manhajar Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, a wayarka. Gargaɗi ruwan ɗorawa na nufin a kula, ruwan goro a sake shiri, ja kuma a zauna a ɗaki.

5. Masauki

Kadif ƙaramin birni ne, wanda ya sauka a tsakiya zai taka zuwa kusan komai cikin minti 15 zuwa 20. Otal-otal masu sauƙin kuɗi irin su Premier Inn da Travelodge sukan kama daga fam 50 zuwa 90 a dare a tsakiyar mako idan an kama da wuri. Ka guji ɗakin da tagarsa ke kallon St Mary Street, titin mashaya ne, daren Juma'a da Asabar ba a barci. Mai son kusanci da masallaci da abincin halal ya nemi unguwannin Cathays ko Roath.

Yawanci sai ƙarfe 3 na rana ake ba da ɗaki. Jiragenmu kuwa da sassafe suke sauka, don haka ka tambaya tun kafin ka zo ko za su ajiye maka kaya. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, ba ka buƙatar wani abu. Babu buta a banɗaki, ka zo da ƙarama ko ka yi da gorar ruwa, kuma ka yi alwala ba tare da jiƙa daɓe ba. Hajiya, don Allah a bar kaskon turaren wuta a gida. Kowane ɗaki na da na'urar jin hayaƙi, da ta yi kuka za a fitar da mutanen otal duka waje cikin sanyi, kuma a caje ku.

6. Kuɗi da zirga-zirga

Fam ɗin Ingila ake kashewa. Idan za ka yi canji a gida, karɓi takardun roba kawai. An daina amsar tsofaffin fam 20 da fam 50 na takarda tun Satumban 2022, amma har yanzu suna yawo a hannun wasu 'yan canji. Wanda ya ɗauko tsabar kuɗi fam 10,000 ko fiye dole ya bayyana a filin jirgi. Kusan ko'ina da kati ake biya, a ɗora a kan na'ura kawai, har cikin bas, wasu shagunan ma ba sa karɓar tsaba sam. Ka gwada katinka tun a filin jirgi, ka kuma riƙe na biyu. Sayi inshorar lafiya ta tafiya, kwanciya asibiti ga baƙo ba kyauta ba ce. Lambar gaggawa 999, ta shawarar likita 111. Agogon Najeriya na gaba da nasu da awa ɗaya a wannan lokaci.

Kowane allo da harsuna biyu aka rubuta shi, na Wales a sama. Allanfa mafita ce, Araf a rage gudu, Heddlu 'yan sanda, Dynion banɗakin maza, Merched na mata. Kowa na jin Turanci, amma ka ce diolch, wato na gode, ka ga yadda fuska ke sakewa. Abu ɗaya kuma: kada ka ce wa mutumin Wales ɗan Ingila, kada ka ce kana jin daɗin zamanka a Ingila. Suna da harshensu da tutarsu da majalisarsu, kuma abin na yi musu ciwo.

7. Tsara yini da hasken rana

A tsakiyar Fabrairu rana na fitowa wajen 7:30, ta faɗi wajen 5:30. Wuraren kallo kuma na rufewa tsakanin 4 da 5, wasu su daina sayar da tikiti awa guda kafin nan. Wanda ya fito daga ɗaki ƙarfe 11 ya ci rabin yininsa. Dabarata ita ce kowace safiya in duba hasashen yanayi na awa-awa, in sa abin da ke fili a sa'o'in da babu ruwa, in ajiye abin da ke da rufi don lokacin yayyafi.

Na fili: fadar Kadif, wato Cardiff Castle, da lambun Bute da ke bayanta, da bakin teku, da St Fagans. Tikitin fadar ya ɗan haura fam 15 ga babba. Ka hau tsohuwar hasumiyar da ke kan tudu da safe, matakalar na santsi idan ta jiƙe. A cikin gidan, nemi ɗakin da suke kira Arab Room. Ƙarami ne, amma ka ɗaga kai: rufinsa an sassaƙa shi kamar saƙar zuma an lulluɓe da zinare, salon ginin ƙasashen Musulmi da mai zane William Burges ya yi wa iyalan Bute masu arzikin kwal. Na daɗe a tsaye a wurin fiye da ko'ina a garin.

St Fagans na bayan gari kaɗan, bas na zuwa. Tsofaffin gidaje da shaguna da makaranta da injin niƙa fiye da 40 aka kwance daga sassan Wales, dutse bayan dutse, aka sake gina su a fili ɗaya. Shiga kyauta ne. A lokacin sanyi suna hura wuta a murhun wasu gidajen, ka shiga ka ji ƙamshin hayaƙin itace ka ɗumama hannu. Ba shi rabin yini, da takalmin da ba ka jin tausayinsa, akwai taɓo.

Bakin teku kuwa, jirgin ƙasa daga tashar Queen Street na kai ka cikin 'yan mintoci. Can ne ginin majalisar Wales, Senedd, yake, ana shiga kyauta bayan bincike a ƙofa, ga jan ginin Pierhead na 1897 a gefensa. Iskar wurin ta fi ta cikin gari ƙarfi, a ƙara ɗaura mayafi.

Na rufi: gidan tarihi na ƙasa, National Museum, shi ma kyauta, mai zane-zanen Monet da Renoir da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe waɗanda yara ke so. Ba ya buɗewa ranar Litinin, mutane da yawa sun je sun tarar da ƙofa a rufe. Sai lungunan kasuwa masu rufin gilashi da garin ya yi suna da su, Royal Arcade na 1858 da Morgan da Castle, inda za ka ratsa tsakiyar gari ɗigon ruwa bai taɓa ka ba. Sai babbar kasuwar Kadif ta 1891, wadda ba ta ci ranar Lahadi. Manyan shaguna ma awa shida kawai suke buɗewa ranar Lahadi.

Idan kana da yini na uku, jirgin ƙasa na kai ka Caerphilly cikin kimanin minti 20, inda fada mafi girma a Wales take, ruwa kewaye da ita.

8. Salla da abinci

Musulunci ba baƙo ba ne a Kadif. Ma'aikatan jiragen ruwa daga Yaman da Somaliya sun zauna a unguwar Butetown tun zamanin fitar da kwal, jikokinsu na nan. Akwai South Wales Islamic Centre a Alice Street kan hanyar bakin teku, da Dar ul-Isra a Cathays kusa da jami'a, da masallacin Shah Jalal a Crwys Road. Alƙibla kudu maso gabas take. Lokutan salla a matse suke: Azahar wajen 12:30, La'asar wajen 3, Magariba da faɗuwar rana, duka a cikin sa'o'in yawonka. Ka fita da alwala da ƙaramar darduma, ka sa safa bayan ka yi alwalar. A 2026 da 2027 azumi na faɗawa cikin wannan lokaci, kuma yinin gajere ne, ba ƙishirwa.

Abincin halal, nufi City Road. Gidajen abincin Turkawa, Larabawa, 'yan Pakistan da sauransu a jere suke, da shagunan nama da kayan miya. Da fam 10 zuwa 15 za ka ƙoshi.

Abincin gargajiyar Wales ne ke buƙatar tambaya, kuma sunayen na ruɗarwa. Welsh cakes, 'yan ƙananan waina masu zabibi da ake gasawa a kan faranti a kasuwa ana ba ka da zafinsu, wasu da bota suke yi, wasu na haɗawa da kitsen alade, wanda suke kira lard. Tambayi mai gasawa, za ta gaya maka gaskiya. Cawl romon rago ne da dankali da kayan lambu, ya dace da sanyin, amma naman ba lallai yankan Musulmi ba ne. Welsh rarebit burodi ne da cuku, sai dai sau da yawa da giya ake dama cukun. Faggots alade ne. Laverbread ciyawar teku ce, amma galibi da naman alade ake kawo ta. Abin mamaki, Glamorgan sausage da sunansa ke tsorata mutane babu nama a cikinsa ko kaɗan, cuku ne da garin burodi da ganyen leek, ɗan'uwan albasa. Shi ma ka tabbatar ba a mai ɗaya aka soya shi da naman alade ba.

9. Ranar komawa

Kada ka bar Kadif a ranar da jirginka zai tashi sai idan na dare ne, kuma ko da hakan ka fito da rarar awa uku a kan lissafinka. Guguwa ɗaya ko hatsari ɗaya a babbar hanyar M4 ya isa ya riƙe ka. Idan jirgin na safe ne, kwana kusa da Heathrow. Jirgin ƙasa ya makara da kai minti 15 ko fiye, ajiye tikitin, ana neman a mayar da wani kaso na kuɗin ta shafin kamfanin.

Tsarabar gida: Welsh cakes na kwana biyar zuwa mako a leda mai rufi, ka saye su ranar ƙarshe. Akwai kuma cokalin itace da ake sassaƙawa da zane, wanda samarin Wales ke ba 'yan mata a da, ana samunsa a shagunan da ke fuskantar fadar. Jaket da takalmin da suka jiƙe ka shanya su daren ƙarshe kusa da hita, ba a kanta ba, kafin su shiga akwati.